Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa Hajiya za ta zauna a jirgi?

Baban Sadiya, Gwale

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman a warware mini wani lissafi da ya ɗaure mini kai. Allah ya hore mini abin da zan kai mahaifiyata Umara, kuma ni zan raka ta. Shekarunta 74, tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, saboda haka tsawon zaman da za ta yi a kujerar jirgi ya fi damuna a kan kuɗin tikitin.

Na duba a intanet, na ga an rubuta cewa daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda tafiyar awa huɗu da rabi ce. Amma takardar da ejan ya turo mini ta nuna za mu tashi ƙarfe 11:00 na dare mu sauka ƙarfe 7:00 na safe, wato awa takwas, sannan a dawowa mu bar Jidda ƙarfe 9:00 na safe mu sauka Kano ƙarfe 1:00 na rana, wato awa huɗu kacal. Maƙwabcina ya ce shi awa biyar ya yi a 2019, gwaggona kuma ta ce ita kusan bakwai suka yi a aikin Hajjin 2023. Hanya ɗaya ce, garuruwan ba su matsa ba. Wanne zan riƙe a cikin waɗannan, kuma wanne zan faɗa wa Hajiya?

Malamin Lissafi, Kabuga

Wa alaikumus salam. Allah ya karɓa, ya ba Hajiya lafiya. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa wani abu daban ya ƙirga.

Mu fara da takardar ejan. Ƙa'idar tikitin jirgi ita ce ana rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, a rubuta lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu. Idan an ce ƙarfe 7:00 na safe a Jidda, a Kano ƙarfe 5:00 ne na asuba, saboda haka daga 11:00 na dare zuwa 5:00 na asuba awa shida ke nan. A dawowa kuma, ƙarfe 9:00 na safe a Jidda daidai yake da ƙarfe 7:00 na safe a Kano, daga nan zuwa ƙarfe 1:00 na rana awa shida ne. Ka ga zuwa da dawowa duk ɗaya suke: a zuwa ka cire biyu, a dawowa ka ƙara biyu. Wannan tazarar agogo ba a banza aka sa ta ba, domin Kano tana kan digiri 8 da rabi gabas, Jidda tana kan digiri 39, kuma kowane digiri 15 awa ɗaya ne a tafiyar rana, don haka rana tana fito musu kafin mu da kimanin awa biyu.

Shi kuwa nisa, idan aka miƙe zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga wannan fili zuwa wancan, zai ba da kimanin kilomita 3,400. Manyan jiragen fasinja suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama. Raba 3,400 da 850, za ka sami awa huɗu. Shafukan intanet wannan rabawar suke yi, su ɗora rabin awa na tashi da sauka, su ba ka huɗu da rabi. Lissafin daidai ne a takarda, sai dai jirgi ba a kan takarda yake tafiya ba.

Ɗan Kwari

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni na daɗe ina jin ana cewa dawowa ta fi sauri saboda duniya tana juyawa zuwa gabas, idan jirgi ya nufo yamma sai Kano ta riƙa tahowa tana tarbarsa. Ina zuwa Jidda da Dubai sayen kaya, kuma ni ma a jikina nakan ji dawowa ta fi gajarta.

Malamin Lissafi, Kabuga

Ƙanena, wannan maganar ta yaɗu amma ba haka abin yake ba. Iskar da jirgi yake tafiya a cikinta tare da ƙasa take juyawa, shi ma jirgin tun yana ajiye a fili yana ɗauke da wannan juyi. Da a ce ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin duk abin da ya ɗaga sama, da jirgi mai saukar ungulu zai tashi a Kano ya tsaya cak na awa ɗaya, ya sauko ya tarar da kansa a ƙasar Mali. Abin da kake ji a jikinka agogo ne ya jawo shi, domin ka bar can da hantsi ka iso gida kafin la'asar. Idan an sami bambanci na gaske tsakanin zuwa da dawowa, iskar sama ce ta kawo shi, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninta a zauren nan.

Baffa Mai Ritaya, Sabon Titi

Na yi shekaru ina aiki a filin jirgi kafin in ajiye, don haka bari in ɗora a kan abin da Malam ya faɗa.

Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti ba na tashi a sama kaɗai ba ne. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da aka tura jirgi baya daga inda yake ajiye, har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a wancan filin. A cikinsa akwai tafiya a hankali zuwa bakin titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da hawa sama wanda yakan ci minti ashirin zuwa talatin kafin a kai ƙafa 35,000 ko sama da haka, da saukowa da takan ɗauki kusan rabin awa, kuma a duk waɗannan jirgi ba ya gudu da cikakken saurinsa. A Jidda, lokacin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, sai a sa jirgi ya yi ta shawagi yana jiran layinsa. Da wannan awa huɗun Malam take komawa huɗu da rabi zuwa biyar, abin da maƙwabcin Baban Sadiya ya gani ke nan a 2019. Idan kuma ka ga wani shafi ya rubuta nisan Kano da Jidda mil 1,850 ne, wani ya rubuta mil 2,130, kada ka ce sun saɓa. Na farkon mil ɗin matuƙa ne, mai kilomita 1.852, na biyun mil ɗin da muka saba da shi a hanya ne, mai kilomita 1.609.

Batun iska, akwai abin mamaki a cikinsa. A hunturu, sa'ad da iskar da muke ji a ƙasa take busowa daga arewa maso gabas da ƙurarta, can sama inda jirage suke bi iskar daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, sai ta tura mai zuwa Jidda ta danne mai dawowa. Da damina kuwa takan juya ta fito daga gabas. Bambancin mintoci ne, wani lokacin ya kai rabin awa.

Amma babban abin da ya mayar da awa biyar ta zama shida ko bakwai shi ne Sudan. Miƙaƙƙiyar hanya daga Kano takan bi ta saman Jigawa da Yobe, ta gifta yankin Tafkin Cadi, ta ratsa ƙasar Cadi, ta shiga Sudan daga yamma ta fita ta gabas, sannan ta tsallaka Bahar Maliya ta faɗa Jidda. Kusan kashi biyu cikin biyar na tafiyar a saman Sudan ake yin sa. Da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka koma kewaye, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa su ɓullo ta Masar. A shekarar ne kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, saboda ƙarin man da za a sha. Gwaggonka gaskiya ta faɗa. Saboda haka, ɗana, ka riƙe abin da ke cikin tikitinka bayan ka cire awa biyun agogo, domin kamfanin ya rubuta shi ne bisa hanyar da jirginsa yake bi yanzu.

Hajiya 'Yar Fagge

Baffa, Allah ya saka da alheri. Ni ma a jirgin 2023 nake, kuma ina so in ja hankalin Baban Sadiya zuwa abin da duk lissafin nan bai taɓo ba. Kana tambayar awa nawa Hajiya za ta zauna a jirgi, ni kuwa abin da ya gajiyar da ni ba jirgin ba ne.

Ka fara ƙirga daga ƙofar gidanku a Gwale. Tafiyar ƙasar waje ana so ka isa fili awa uku kafin tashi, a auna kaya, a duba fasfo da biza, a bi ta gaban jami'an shige da fice, sannan a zauna jiran kira. Idan an sauka Jidda akwai wani layin na ɗaukar hoton yatsu, da jiran jakunkuna, da neman mota, sannan tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Makka. Idan an isa kuma ba barci za a yi ba, ɗawafi da sa'ayi suna jira, kuma sa'ayin kaɗai ya haura kilomita uku. Ni daga fitata gida zuwa sa'ar da na kwanta a masauki na yi fiye da awa goma sha huɗu, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Don haka idan Hajiya ta tambaye ka, kada ka ce mata awa shida. Ka ce mata daga bayan isha'i har azahar ta gobe tana kan hanya, ta shirya ranta a kan haka. Tsoho idan aka gaya masa gaskiyar nisa tun daga gida, ya fi haƙuri a kan a yi ta ce masa an kusa.

Ɗan Kwari

Hajiya, maganarki dutse ce, amma a nan ne nake da wani ra'ayin daban. Tunda gwiwa ce matsalar, ni a ganina gara jirgin da zai yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira. Za ta sauka ta miƙe ƙafa, ta yi alwala a wadace, ta yi salla a ƙasa, ta ci abinci, sannan ta sake hawa. Zaman awa shida a wuri ɗaya ga mai ciwon gwiwa azaba ce. Ga shi kuma sau da yawa tikitin ya fi sauƙin kuɗi, abin da ya ragu sai a ƙara a kama masauki kusa da Harami, wanda shi ne zai fi yi wa ƙafarta amfani a kwanakin da za ta yi a can. Ni haka nake tafiya kusan kullum.

Malamin Lissafi, Kabuga

Kafin a yanke, a duba alƙaluman. Daga Kano zuwa Adis Ababa kimanin kilomita 3,300 ne, wato kusan daidai da Kano zuwa Jidda gaba ɗaya. Bayan ta gama wannan zaman, sauran kilomita 1,400 suna jiranta zuwa Jidda, jimla 4,700. Ta Alƙahira kuwa 3,100 ne zangon farko, na biyu kimanin 1,200, jimla 4,300. Ka ga yada zangon bai raba tafiyar gida biyu daidai ba: zangon farko dogon zama ne na awa huɗu zuwa biyar, sannan a ɗora wasu awa biyu ko fiye, ban da jiran da za a yi a tsakani.

Maman Khalifa, ma'aikaciyar jinya

Yayana Ɗan Kwari, abin da ya yi maka daidai kai mai ƙarfi a jika da 'yar jaka a kafaɗa ba lalle ne ya yi wa dattijuwa daidai ba. Manyan filayen nan tafiya ce mai tsawo daga ƙofar sauka zuwa ƙofar tashi, ga sake bincike, ga hawa da sauka sau biyu. Mai ciwon suga kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne rikicewar lokacin abinci da na magani, kuma awa goma sha biyar a hanya ta fi awa shida rikita su. Miƙe ƙafa ana iya yin sa a cikin jirgi: a nema mata kujerar bakin hanya, duk bayan awa ɗaya ko biyu ka kama hannunta ta taka kaɗan, idan tana zaune ta riƙa motsa idon sawunta, ta kuma sha ruwa, kada ta ƙi sha don gudun shiga banɗaki kamar yadda iyayenmu suke yi. Magungunanta su kasance a jakar hannu, ba a cikin kayan da aka auna ba. Ku je wurin likitanta kafin tafiya ya tsara mata lokutan magani bisa agogon can. Sannan tun wajen yankar tikiti ka ce a rubuta tana buƙatar keken turawa, domin a tanade shi a Kano da Jidda.

Malam na Ƙofar Mata

Allah ya yi muku albarka. Akwai wani wuri da saurin jirgi ya shafi ibadar kanta. Jirgin da yake cin kilomita 850 a awa, a minti ɗaya ya wuce kilomita 14. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, malamai da yawa sun ce ya ɗaura niyya a sama idan jirgi ya zo daidai da mikati, wasu kuma sun yi sauƙi a kan ya yi haraminsa a Jidda. Duk wanda ka bi a cikinsu, ka tambayi malaminka tun kana gida. Idan a sama za ka yi, to kada ka jira sanarwar matuƙi sannan ka tashi neman wurin canza tufa, kafin layin banɗaki ya zo kanka an wuce wurin. Hajiya ita tufafinta na sutura sun wadatar, kai ne za ka yi wanka a gida ka ɗaura gyauton ƙasa tun daga Kano. Ka kuma sani cewa mai tafiya gabas asuba takan tarye shi da wuri, bisa lokutan da ka faɗa alfijir zai keto kuna sama alhali agogon hannunka yana nuna wajen ƙarfe uku na dare. Da fitowar alfijir a inda kake za ka yi aiki, ba da agogon Kano ba.

Da Baffa yake lissafa ƙasashen da jirgi yake ratsawa, sai na tuna wannan ita ce hanyar kakanninmu. Ta Borno suke bi su shiga Wadai da Darfur, su kai tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Suna tafe suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri, wani ya yi shekaru bai isa ba, da yawa kuma suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu tana can. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ya sa yaƙin nan na Sudan yake taɓa mini zuciya, domin waɗanda jirginmu yake kewayewa akwai danginmu a cikinsu.

Baban Sadiya, Gwale

Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai. Wannan batu na mikati ya sa na fara tunanin ko mu fara sauka Madina. Baffa, shin nisan ya ƙaru sosai? Ina tsoron in guje wa wahala ɗaya in faɗa wata.

Baffa Mai Ritaya, Sabon Titi

Bai ƙaru da yawa ba. Daga Kano zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kimanin kilomita 3,550 ne a miƙe, ƙarin 150 a kan na Jidda, abin da jirgi zai cinye a minti goma sha kaɗan. Ribar ita ce filin yana kusa da gari, Hajiya za ta isa masauki da wuri ta huta kwanaki, sannan ku yi harami a Zul Hulaifa, mikatin mutanen Madina, ƙafarku a ƙasa, babu gaggawa. Daga Madina zuwa Makka akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da aka buɗe a 2018, layinsa kilomita 450, yana kai mutum cikin kimanin awa biyu da rabi, maimakon awa biyar ko shida a bas. Idan ka sami jirgin da zai kai ku Madina kai tsaye, ku dawo ta Jidda, ni shi zan zaɓa wa tawa mahaifiyar.

Abu ɗaya zan ƙara: ka duba watan tafiyar. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe Kano har a kasa hangen titin sauka, jirgin da zai ɗauke ku sai ya makara ko a karkata shi wani filin. Na sha ganin fasinjoji sun kwana a kan kujeru saboda haka. Mai tikitin yada zango shi ya fi shiga uku a irin wannan rana, domin idan na farko ya makara na biyu ba zai jira shi ba.

Ɗan Kwari

Na karɓi maganar Anti da ta Baffa a kan dattijuwa, musamman batun hazo, domin ya taɓa sa ni kwana a filin jirgin wata ƙasa. Amma ina nan a kan bakana game da masauki. Yaya, ko da tikitin kai tsaye ya ci kuɗi, kada ka rage daga na ɗaki. Awa shida sau biyu za ta yi a jirgi, tafiya zuwa masallaci kuwa sau biyar ce kullum.

Baban Sadiya, Gwale

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na kira ejan da yammacin nan, na ce ya bar maganar Adis Ababa, ya nemo mana wanda zai sauka Madina kai tsaye mu dawo ta Jidda, ya kuma rubuta keken turawa da kujerar bakin hanya. Na tambaye shi tsawon tafiyar ba tare da bambancin agogo ba, ya ce zai turo mini gobe da safe. Ranar Litinin za mu ga likitanta da takardar lokutan a hannu.

Na je na zauna da Hajiya na gaya mata yadda Hajiya 'Yar Fagge ta ce, cewa daga bayan isha'i har azahar ta gobe tana hanya. Ta ce kakanta shekara uku ya yi kafin ya dawo, sannan ta ce in tambayi Malam na Ƙofar Mata ko za ta iya yin sallar asuba a zaune a kujerar jirgi, ko kuwa ta jira sai an sauka.